Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Fastoci Da Dattawan Ikkilisiya Kan Halin Mutuntaka Da Sabon Rai

Iyayena cikin Ubangiji,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanku da aiki, barkanku da ɗawainiyar garken Allah. Ni ɗanku ne, ɗaya daga cikin masu zama suna sauraronku ranar Lahadi. Ba ni da muƙami a ikkilisiya, kuma Maganar Allah a bakinku na fara jin ta. Na rubuto a fili ne domin zancen ya wuce na mutum ɗaya ko ɗarika ɗaya. In wata kalma ta yi muku zafi, ku yi mini haƙuri irin na uba da ɗa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake koya mana abu biyu da dukan rayuwar mai bi ta rataya a kansu, wato halin mutuntaka da muka gada daga Adamu, da sabon rai da Ruhu Mai Tsarki yake bayarwa. Na farkon an matse shi har ya koma zunubai uku ko huɗu waɗanda ido ke gani. Na biyun kuma an mai da shi abin da ake gamawa a dare ɗaya, daren da mutum ya ɗaga hannu ya fito gaba aka yi masa addu'a. A tsakanin waɗannan biyu tsohon mutum ya samu wurin zama a cikin majami'a, ya miƙe ƙafa, wani lokaci ma har da shi ake zaman majalisar dattawa.

Ina roƙonku ku buɗe Galatiyawa 5 daga aya 19 zuwa 21, ku ƙirga da yatsa. Manzo Bulus ya jera ayyukan halin mutuntaka guda 15, ko da yake wasu tsofaffin kwafe-kwafe sun ƙara zina da kisankai suka zama 17. Uku na farko na lalata ne. Biyu kuma bautar gumaka da sihiri. Biyu na ƙarshe buguwa da shashanci. Sauran takwas ɗin, fiye da rabi ke nan, su ne gaba, da jayayya, da kishi, da zafin rai, da sonkai, da tsattsaguwa, da ɓangaranci, da hassada. Babu ɗaya daga cikin takwas ɗin nan da yake bukatar mashaya ko ɗaki mai duhu. Dukansu ana iya aikata su da Littafi Mai Tsarki a hammata. Ana aikata su a taron zaɓen shugabanni, da cikin ƙungiyar mawaƙa, da wurin rabon mimbari, da tsakanin majami'u biyu masu ƙishin mambobin juna. Bulus kuma bai raba gargaɗinsa gida biyu ba. Ya ce masu yin irin waɗannan abubuwa ba za su gāji Mulkin Allah ba, bai cire mai hassada ya bar mashayi ba. Ku tuna kuma ga masu bi ya rubuta, waɗanda ya gaya wa a aya 15 cewa in suna cizon juna suna cin naman juna, su yi hankali kada su hallaka juna.

To, Iyayena, wa'azi nawa muka ji a kan bakwai ɗin can, nawa kuma a kan takwas ɗin nan? Ku dubi littafin horon ikkilisiya ku ga sunayen da ke ciki. Yarinya ta yi ciki ba aure, cikin ba ya ɓoyuwa, aka kira sunanta a gaban jama'a, aka hana ta jibin Ubangiji. Wanda ya yi cikin sau da yawa ba a nemo shi ba. Dattijon da ya shekara yana shiga gida gida yana ɓata sunan abokin aikinsa don kujera, shi ne zai miƙa ƙoƙon jibin ga sauran jama'a. Ban ce a daina horo ba, domin horo umarni ne, kuma abin da yarinyar ta yi zunubi ne. Amma 'ya'yanmu suna kallo, kuma darasin da suke ɗauka shi ne zunubi shi ne abin da aka kama ka da shi. Wanda ya koyi wannan darasi, ɓoyo zai ƙware a kai, tuba kuwa ba zai san hanyarta ba.

Ubangiji Yesu bai bar mu cikin shakka ba a kan inda cutar take. A Markus 7 ya ce daga ciki, daga zuciyar mutum, mugayen tunani suke fitowa, ya kuwa jera girmankai da ha'inci da kwaɗayi da yanke a layi ɗaya da fasikanci da sata da kisankai. Irmiya ya riga ya faɗa a sura 17 aya 9 cewa zuciya ta fi kome rikici, cutarta kuma ta yi tsanani. Dawuda, bayan abin da ya yi wa Bat-sheba da Uriya, bai ce tsautsayi ne ya same shi rana ɗaya ba. A Zabura 51 ya bi sawun laifinsa har zuwa cikin uwarsa, sa'an nan ya roƙi Allah ya halitta masa zuciya mai tsabta. Ya san gyaran fuska ba zai yi ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne halin mutuntaka yana son addini. A Filibiyawa 3, da Bulus ya tashi lissafa abubuwan da dā yake dogara da su bisa ga mutuntaka, bai ambaci giya ko mata ba. Ya ambaci kaciya a rana ta takwas, da asalinsa na kabilar Biliyaminu, da zamansa Bafarisiye, da himma, da kiyaye Shari'a ba abin zargi. Wato asali, da ɗarika, da ƙwazo, da suna mai kyau. Da waɗannan ne ya tsananta wa ikkilisiya yana ganin aikin Allah yake yi. Bafarisiyen nan na Luka 18 yana azumi sau biyu a mako, yana ba da ushirin duk abin da ya samu, ba mazinaci ba ne, ba azzalumi ba. Da ya zo neman zama dattijo a yawancin majami'unmu, ba na jin za a tsaya jefa ƙuri'a. Amma mai karɓar harajin da ya kasa ɗaga kai sama shi ne ya koma gida baratacce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma babu tudun da ya kai na adalcin kai tsawo.

Shi ya sa tarin dokoki ba ya warkar da mu. Masu bi na Kolosi sun gamu da malamai masu cewa kada ka ɗauka, kada ka ɗanɗana, kada ka taɓa. Bulus ya amsa musu a ƙarshen sura 2 cewa irin waɗannan ka'idodi suna da kamannin hikima, da ƙasƙantar da kai, da wahalar da jiki, amma ba su da wani amfani wajen danne sha'awar mutuntaka. Kamar mai saran ganyen ƙaya ne ya bar saiwar a ƙasa, ruwan farko za ta sake tohowa. Jiki kansa ba shi ne abokin gaba ba. Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu, jikin mai bi kuma haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. Mutum yana iya ramewa da azumi, girmankansa kuwa yana ƙiba.

Wannan gardama tsohuwa ce, kuma a ƙasar Afirka aka yanke ta. A farkon ƙarni na biyar wani malami mutumin Birtaniya mai suna Felajiyus yana zaune a birnin Roma, ransa ya ɓaci da sakacin Kiristan zamaninsa. Nufinsa gyara ne. Ya koyar cewa Allah ba zai umarci abin da mutum ba zai iya ba, cewa zunubin Adamu mugun misali ne kawai ya bar mana, saboda haka duk mai niyya yana iya kiyaye umarnin Allah da ikon da aka halicce shi da shi. Wanda ya tsaya masa shi ne Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda aka haifa a shekara ta 354 ya rasu a 430. Agustin ya san zuciyarsa. Ya ba da labarin yadda yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka saci 'ya'yan itacen maƙwabci, ba don yunwa ba, don yana da waɗanda suka fi su kyau a gida, har yawancinsu aladu suka zuba wa. Ya gane cewa haramcin kansa ne ya yi masa daɗi. Daga nan addu'arsa ta zama, Allah ya ba da abin da ya umarta, sa'an nan ya umarci abin da ya ga dama. Wannan addu'a ce ta fusata Felajiyus da ya ji an karanta ta. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, a shekara ta 418 ta ƙi koyarwar Felajiyus.

Na kawo wannan tarihi ne domin koyarwar da aka ƙi a Kartaj tana yawan hawa mimbarinmu ba tare da mun san sunanta ba. Duk wa'azin da ya ƙare da ka ƙara ƙoƙari, ka ƙara azumi, ka ɗaura ɗamara, ka yi alkawari ba za ka sāke ba, amma bai nuna wa mai zunubi Almasihu da ikon Ruhunsa ba, wa'azin Felajiyus ne. Saurayin da ke fama da kallon batsa a wayarsa ya yi alkawarin nan sau ba adadi. Ya fito gaba a taron farkaswa, ya yi kuka na gaskiya, bayan 'yan kwanaki ya koma. Abu biyu ne suka rage masa. Ko ya koyi fuska biyu, ko ya yanke ƙauna ya ce shi dai Allah bai karɓe shi ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka daina zuwa sujada ba gardamar tauhidi ce ta kore su ba, gajiya ce da yin kamar sun warke. Bulus ya tambayi Galatiyawa a sura 3 aya 3, da Ruhu kuka fara, yanzu kuma da mutuntaka za ku kammala?

Akwai wani rami a ɗaya gefen hanyar, shi ma ya cika da mutanenmu. Su ne masu cewa ai ɗan Adam ajizi ne, hali zanen dutse, haka Allah ya yi ni, ina ƙarƙashin alheri. Mai dukan matarsa ya ce zuciya ce da shi tun yana yaro. Mai cin amanar kuɗin baiko ya ce babu cikakke sai Allah. Gaskiya ne babu cikakke, amma an ɗauki koyarwar da aka ba mu don ta kai mu ga gicciye an mai da ita matashin kai. Dietrich Bonhoeffer, fasto Bajamushe da gwamnatin Hitler ta rataye a watan Afrilu na 1945, ya kira wannan alheri mai araha a rubutunsa na 1937, wato shelar gafara ba tare da neman tuba ba, da baftisma ba horo, da jibin Ubangiji ba furta zunubi. Bulus ya riga shi. A Romawa 6 ya yi tambaya ko za mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita, ya amsa da a'a mai ƙarfi, ya ce mu da muka mutu ga zunubi yaya za mu ci gaba da zama a cikinsa. In hali zanen dutse ne, to, alkawarin Allah a Ezekiyel 36 aya 26 da 27 shi ne zai cire zuciyar dutsen ɗungum ya ba da zuciya ta nama, ya sa Ruhunsa a cikinmu ya sa mu bi ka'idodinsa. Alherin da ya cece mu shi ne kuma yake koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah da sha'awace-sha'awacen duniya, kamar yadda aka rubuta wa Titus. Alherin da bai taɓa hannun mai duka ba, bai taɓa aljihun mai cin amana ba, ina shakkar ko shi ne wanda manzanni suka yi wa'azinsa.

Wani salon wannan uzuri shi ne ɗora wa aljanu kome. Yanzu fushi ruhu ne, fasikanci ruhu ne, ƙarya ruhu ce, kowanne sai a kai shi wurin addu'ar kora. Na gaskata Shaiɗan yana nan yana aiki, Ubangiji kansa ya fitar da aljanu. Amma Yakubu ya ce kowane mutum mugun burinsa ne yake jansa ya yaudare shi. Bulus bai ce wa Galatiyawa su kori ayyukan mutuntaka ba, cewa ya yi waɗanda suke na Almasihu sun gicciye halin mutuntaka da sha'awace-sha'awacensa. Agustin ya yi wajen shekara tara cikin ƙungiyar mabiya Mani, masu koyar da cewa wani baƙon abu ne a cikin mutum yake yin zunubin, ba mutumin ba. Daga baya ya shaida cewa girmankansa ne ya so koyarwar, don ta ɗauke masa laifi. Wanda aka gaya wa aljani ne ya yi, an hana shi faɗin kalmar da Dawuda ya faɗa wa Natan, na yi wa Ubangiji zunubi. Ta wannan ƙofa kuwa gafara take shigowa.

Na san za a kawo Romawa 7, inda Bulus yake kukan cewa nagarin abin da yake so ba ya yi, mugun da ba ya so shi yake aikatawa. Malaman ikkilisiya sun daɗe da rabuwa a kan wanda ke magana a wurin. Agustin da farko ya ɗauka mutum ne a ƙarƙashin Shari'a wanda bai sami alheri ba tukuna, daga baya ya sauya ya ce mai bi ne, Martin Luther da John Calvin, jagororin gyaran ikkilisiya na ƙarni na 16, suka bi ra'ayinsa na baya. John Wesley, mai wa'azi Baturen Ingila na ƙarni na 18, shi kuwa ya ga mutumin da aka farkar da lamirinsa amma bai sami 'yanci ba. Kowanne kuka riƙa, roƙona shi ne kada ku sallami jama'a a aya ta 24. Bulus bai sa lambar sura a wasiƙarsa ba, rabon surori da muke amfani da shi a ƙarni na 13 aka yi shi, ana kuma danganta shi ga Stephen Langton, babban bishop na Canterbury a Ingila. Wanda ya fara jin wasiƙar a Roma ya ji kukan wa zai cece ni, nan take kuma ya ji cewa babu hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. A sura 7 sau ɗaya aka ambaci Ruhu, a aya 6. A sura 8 an ambace shi wajen sau 20. Aya 13 ta sura 8 ta haɗa abin da muke rabawa, in ta wurin Ruhu kuka kashe ayyukan jiki za ku rayu. Ku ne za ku kashe, amma ta wurin Ruhu. Haka ma Filibiyawa 2, ku yi ta aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne yake aiki a cikinku, ku yi nufi ku kuma aikata.

Wannan aiki kuwa yana ɗaukar lokaci, ya kamata a gaya wa sabon tuba tun ranar farko. Sabuwar haihuwa da Yesu ya yi wa Nikodimu zancenta gaskiya ce, wanda ke cikin Almasihu sabuwar halitta ne. Amma haihuwa mafarin rai ce. Bulus ya kira Korintiyawa tsarkaka a farkon wasiƙarsa, a sura 3 kuma ya kira su masu halin mutuntaka, jarirai cikin Almasihu. Hujjarsa ita ce kishi da jayayya, wannan na cewa shi na Bulus ne, wancan na Afolos, alhali ba su rasa wata baiwa ta Ruhu ba. Bitrus, bayan Fentikos, bayan wahayin da ya gani a Yafa, bayan ya shiga gidan Karniliyus, ya je Antakiya ya janye daga cin abinci da masu bi na al'ummai don tsoron mutanensa, har Barnaba ya bi shi. Wariyar kabila ce ta ɗaga kai a zuciyar manzo, sai da Bulus ya tsawata masa a gaban kowa. Shi Bulus ɗin ma, yana ɗaure a kurkuku bayan shekaru masu yawa na hidima, ya rubuta cewa bai riga ya kai ba, bai zama cikakke ba, yana dai nacewa. Magana ta farko cikin maganganu 95 na neman gyaran ikkilisiya da Martin Luther ya fitar a 1517 ita ce, da Ubangiji ya ce ku tuba, yana nufin dukan rayuwar mai bi ta zama tuba. Majalisar Trent ta Katolika a 1546, duk da saɓaninta da Luther kan ko za a kira abin zunubi, ta yarda cewa karkata zuwa ga mugunta tana nan a cikin wanda aka yi wa baftisma, an bar ta don a yi kokawa da ita.

Labarin John Newton ya daɗe yana tsaya mini a rai. Baturen Ingila ne, matuƙin jirgin ruwa. A watan Maris na 1748 hadari ya kusa nutsar da jirgin da yake ciki, ya yi kuka ga Allah, kuma duk rayuwarsa yana tuna ranar a matsayin mafarin juyowarsa. Ya bar saɓo, ya bar caca, ya bar sha. Amma bayan wannan ne ya zama kyaftin ɗin jirgin bayi, yana ɗibar 'yan Afirka daga gaɓar yamma yana ƙetare teku da su, har 1754, kuma rashin lafiya ce ta sauke shi daga aikin. Yana karatun Littafi yana addu'a a ɗakinsa, a ƙarƙashin ƙafafunsa mutane na ɗaure da sarƙa. Ya zama fasto a 1764. Sai a 1788, shekara 40 bayan hadarin, ya fito fili a rubuce ya furta laifinsa ya la'anci cinikin bayi, ya mara wa William Wilberforce, ɗan majalisar da ke yaƙi da cinikin, baya. Majalisar Birtaniya ta haramta cinikin a 1807, shekarar da Newton ya rasu. Ana yawan ba da labarin nan don a nuna haƙurin Allah, kuma akwai wannan a ciki. Ni abin da nake gani shi ne mutumin ya tuba daga zunuban da jama'ar zamaninsa suke kira zunubi, ya ci gaba da wanda suke kira sana'a. Gajeren jerin zunubai da aka ba shi, waɗansu ne suka biya kuɗinsa da rayukansu. Wane zunubi ne mu ma muke kira dabara, ko kishin ɗarika, ko kare mutanenmu, wanda jikokinmu za su yi mamakin yadda muka yi sujada a kansa?

Ma'aunin sabon rai ba ɓoyayye ba ne. Albarkar Ruhu guda tara ce, ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u, da kamunkai. Yawancinsu sai da wani mutum a gabanka ake gane su, musamman wanda ya ɓata maka rai ko wanda ba zai iya rama maka ba. Yesu ya ce a ranar nan da yawa za su ce sun yi annabci, sun fitar da aljanu, sun yi mu'ujizai da sunansa, zai ce bai taɓa saninsu ba. A Afisawa 4 ba a ce wa ɓarawo ya daina sata kawai ba, an ce ya yi aiki da hannunsa don ya sami abin da zai ba mabukaci. Zakka bai tsaya ga karɓar Yesu a gidansa ba, ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Yaushe rabon da mu ji an koya wa sabon tuba ya mayar da abin da ya ƙwace, ya je ya nemi gafarar wanda ya yi wa ƙazafi?

Saboda haka, Iyayena, ga abin da nake roƙo. Kada koyarwa ta ƙare da ajin baftisma. Wanda ya fito daga ruwa ranar ce yaƙinsa ya soma, yana bukatar wanda zai riƙe hannunsa ya koya masa yadda ake gane jaraba tun tana nesa, yadda ake tashi bayan faɗuwa ba tare da an gudu daga Allah ba, da yadda ake zama cikin Almasihu kamar reshe a jikin kurangar inabi ta wurin Maganar, da addu'a, da jibi, da zumunci.

Ku kuma buɗe mana wurin da za a iya faɗin gaskiya. Yakubu ya ce mu furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a don mu warke. Wesley, wanda ya fi kowa nacewa cewa Allah yana iya cika zuciya da ƙauna tun a wannan rai, shi ne kuma ya tsara ƙananan ƙungiyoyi tun 1738, maza daban mata daban, suna haɗuwa kowane mako suna tambayar juna wane zunubi ka yi tun rabuwarmu, wace jaraba ka gamu da ita, yaya aka kuɓutar da kai. Irin wannan ba ya yiwuwa sai da riƙon amana. Wanda ya kawo muku asirinsa ranar Talata ya ji shi a wa'azin Lahadi, ko da ba a kira suna ba, ba zai sāke zuwa ba, kuma duk wanda ya gane zancen shi ma ya rufe bakinsa ke nan. Galatiyawa 6 ta ce in an kama mutum da laifi, ku na ruhu ku komo da shi cikin tawali'u, kana lura da kanka kada kai ma a jarabce ka. Horo na komo da mutum ne, a bi shi har gida, a kuma sanar da dawowarsa da murya irin wadda aka sanar da faɗuwarsa. Inda laifin ya cuci wani, kamar cin zarafin yaro ko dukan mace, riƙon amana ba ya nufin rufa wa mai laifi asiri, kare wanda aka cuta shi ne farko.

Ku ma kuna bukatar irin wannan wuri, wataƙila fiye da mu. Mun ɗora ku a inda ba ku da wanda za ku gaya wa kuna fama, kuma kaɗaici irin wannan ya kayar da bayin Allah da yawa. Ba ƙaramin taimako ba ne ga tumaki su ji makiyayinsu ya ce wa wanda ya ɓata wa, na yi kuskure, ka gafarta mini.

Na ƙarshe ya shafi zaɓen shugabanni. Sharuɗɗan da ke 1 Timoti 3 kusan dukansu na hali ne, marar abin zargi, mai kamunkai, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, ba mai husuma ba, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙon gidansa, ba sabon tuba ba, mai kyakkyawar shaida ko a wurin waɗanda ba masu bi ba. Gwaninta ɗaya tak aka nema, iya koyarwa. Ba a ambaci arziki ba, ba a ambaci dangi ba. Kafin ku ɗora wa mutum hannu, ku ji ta bakin matarsa da 'ya'yansa, da waɗanda suke aiki a ƙarƙashinsa, da waɗanda suka taɓa binsa bashi. Ina kuma roƙo a zamanku na gaba, kafin a shiga maganar gini da ta kuɗi, a karanta Galatiyawa 5:13 zuwa 6:5 da ƙarfi, a ajiye littafin horon shekarun baya a kan tebur, a duba ko waɗanne ne cikin goma sha biyar ɗin nan aka taɓa kiran wani a kansu.

Ubangiji ya ƙara muku ƙarfi da lafiya, ya kiyaye ku da iyalanku. Muna yi muku addu'a, ku ma ku riƙa tunawa da mu.

Ɗanku cikin Almasihu,
Wani ɗan ikkilisiya